Yadda Ake Shirya Benen Haya ko Rukunin Shaguna Kafin Jami'an Kashe Gobara Su Zo Dubawa

Na daɗe ina kula da gidajen haya da shaguna a Kano. Ba nawa ba ne, na mutane ne: ni masu gida ke damƙa wa mukullai, ni kuma 'yan haya ke kira idan famfo ya fashe ko mita ta ƙone. A cikin wannan aiki na sha karɓar 'yan kwana-kwana idan sun zo duba gini, kuma na sha ganin sabon shiga yana yin kuskure guda. Da ya ji an ce za a zo, sai ya ruga ya sayo jajayen tukwanen kashe wuta biyu ya rataye a bango, ya ɗauka ya gama. Jami'in da ya san aikinsa ba ta tukunya yake farawa ba. Ƙofa yake fara kallo, sai matakala, sai wayoyin wuta. Tukunya daga baya take zuwa. Ni ma haka zan jera maka aikin, domin idan ka bi shi a wannan tsari, takardar shaidar kariya daga gobara da kake nema ba za ta ba ka wahala ba.

Abin da kake buƙatar sani na doka kaɗan ne. A Najeriya akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke aiki da dokar 1963, kuma jihohi suna da nasu hukumomin. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, da kundin ƙa'idojin kariya daga gobara na 2013. Mai shago ko mai benen haya ba sai ya haddace su ba. Abin da ya shafe shi shi ne ofishin kashe gobara na jiharsa, domin su ne za su zo ƙofarsa, su duba, su ba da takarda ko su hana. Wanda kuma bai gina ba tukuna, ya sani cewa maganar matakala da ƙofofin fita tun a zanen gini ake warware ta, lokacin da ake neman izini daga hukumar tsara birane, wato KNUPDA a nan Kano. Gyara a takarda fensir kawai yake ci. Gyara bayan an zuba dakin na kankare kuwa, sai an fasa bango.

Kayan da za ka tanada

Ka fara da littafi mai kauri guda ɗaya da biro. Wannan littafin ya fi rabin kayan da za ka saya amfani, za ka ga dalili a gaba. Sai tef na awo, da tocila mai haske sosai, da fenti ja da kore da buroshi, da ruwan sabulu a ƙaramar roba.

Na saye kuwa: tukwanen kashe wuta masu garin hoda (kilo 6 ko kilo 9), tukunya mai iskar CO2 don wajen mita da kayan lantarki, bargon kashe wuta idan akwai inda ake girki, bokitan ƙarfe na yashi, ƙararrawar hayaƙi mai batir, fitilun caji masu kamawa da kansu idan an ɗauke wuta, da allunan nuna hanyar fita. Adadin kowanne sai ka gama mataki na farko za ka sani, don haka kada ka je kasuwa tukuna.

Sannan mutum guda: mai wayarin na gaske. Ba yaron unguwa da ke jona waya da haƙori ba. Hukumar NEMSA, mai kula da ingancin aikin lantarki, ita ce ke ba masu aikin wayarin takardar ƙwarewa, ka nemi wanda yake da ita, ka ce ya nuna maka.

1. Zagaya ginin da idon baƙo

Ka zaɓi lokacin da ginin ya fi cika. Shaguna da yamma, gidan haya bayan isha'i. Ka shiga ta ƙofar da kowa ke shiga, ka hau har hawa na ƙarshe, kana rubuta abu uku a littafinka: inda wuta za ta iya tashi, abin da za ta ci idan ta tashi, da wanda zai maƙale. Tsohuwar da ke ɗakin ƙurya a hawa na uku, yaran shago da ke kwana a sito an kulle su ta waje, mai ɗinkin da ya tara soso da yadi kusa da dutsen guga, duk ka rubuta.

Daga nan ka zana taswirar kowane hawa a shafi guda. Ba sai ka iya zane ba, akwatuna da layuka sun isa. Ka sa alamar ƙofofi, matakala, mita, wajen janareto da wajen tukwanen gas. Ka auna tsawon baranda da faɗin ƙofofi ka rubuta a gefe. Idan mai gida yana da asalin zanen ginin, ka yi kwafinsa, amma duk da haka ka zagaya da ƙafarka. Ban taɓa ganin ginin haya da ya shekara goma yana nan yadda aka zana shi ba.

2. Buɗe hanyar fita

A nan zan daɗe, domin a nan rai yake. Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke riga wuta isa gare su. Hayaƙin katifa da leda da kujerun soso baƙi ne ƙirin, mai guba, kuma sama yake bi. Matakalar bene ita ce bututunsa. Cikin 'yan mintuna mutumin da ya shekara biyar yana hawa da sauka a gidan zai kasa gane inda ƙofa take.

Saboda haka abu na farko, ka kwashe komai daga matakala da ƙarƙashinta. Babur, jarkokin fetur, katan-katan na mai shago, tsohuwar katifa, buhunan gawayi. Ƙarƙashin matakala shi ne wurin da kowa ke ganin babu mai shi, kuma shi ne wuri mafi muni da wuta za ta tashi, tunda ta tare hanya guda da na sama ke da ita. Za a yi maka gunaguni, musamman masu babura. Ka nema musu wani wurin a tsakar gida, ko da rumfar kwano ce, sannan ka tsaya kan bakanka.

Na biyu, ka ƙirga hanyoyin fita. Ginin da ke tara jama'a, ko bene mai hawa da yawa, ana son ya zama da hanya biyu da suka yi nesa da juna, yadda idan wuta ta tare ɗaya za a bi ɗaya. Ƙofa biyu da ke jere da juna ƙofa ɗaya ce a wajen gobara. Idan ginin matakala ɗaya gare shi, ka kawo wa mai gida shawarar a ƙera ta ƙarfe ta waje a bayan gini. Maƙeran walda suna yi. Kafin a yi ta, aƙalla a tabbatar ƙofar hawa rufin dakin tana buɗuwa ba tare da neman mukulli ba.

Na uku, maganar kwaɗo. Mun san dalilin kulle ƙofa, ɓarayi ba wasa suke ba. Amma ƙofar da sai an tashi maigadi ya lalubo mukulli a cikin duhu, ba ƙofar fita ba ce. Abin da nake yi shi ne sa sakata ta ciki wadda kowa zai iya zarewa da hannu, ta waje kuma ba ta buɗuwa sai da mukulli. Inda dole sai an sa kwaɗo, ana rataye mukullin a ƙusa kusa da ƙofar, inda hannun na waje ba zai kai ba, kuma kowane ɗan haya ya san wurin. Ƙofar wurin da ke tara mutane da yawa, kamar ɗakin taro ko babban kanti, waje ya kamata ta riƙa buɗewa. Idan jama'a suka tunkuɗo a firgice, ƙofa mai buɗewa ciki ba ta buɗuwa.

Na huɗu, ƙarafan taga. Kusan kowane gida a garuruwanmu an datse tagoginsa da ƙarfe an binne a siminti. A kowane sashe na gidan haya, musamman ɗakin kwana, ka sa mai walda ya yanke ƙarfen taga ɗaya ya mayar da shi mai buɗewa kamar ƙofa, da sakata ta ciki. Aikin wuni guda ne. Na taɓa shiga wani gida bayan gobara, na ga inda maƙwabta suka yi ta dukan ƙarfen taga da taɓarya da guduma kafin su fitar da yara biyu. Allah ya sa sun fita. Tun daga ranar ba na karɓar kula da gida sai an amince min da wannan.

Daga ƙarshe ka liƙa allunan hanyar fita, kore da fari, a saman ƙofofi da kowace kwana ta baranda, ka sa fitilar caji a kowane hawa na matakala. Idan ba ka sami allo ba, fentin kore da kibiya sun wadatar kafin ka samu. Ka leƙa waje kuma: motar kwana-kwana tana buƙatar hanya mai faɗin kusan mita 4. Idan masu tebur da masu kwantena sun cinye bakin ginin, ka zauna da su. Kowa ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da ta kasuwar Monday a Maiduguri a Fabrairun 2023. Duka biyun cikin dare suka tashi, kuma wanda ya san cunkoson layukan manyan kasuwanninmu ya san abin da motar ruwa ke fuskanta kafin ta isa.

3. Bi wayar wuta daga mita har soket

Wannan aikin mai wayarin ne, amma kada ka bar shi shi kaɗai. Ka bi shi da littafinka.

Ku fara da akwatin rarraba wuta. A buɗe, a duba ko akwai baƙin tabo, ƙaurin roba, ko waya da ta saki. Abin da na fi samu shi ne fis da ya ƙone aka naɗa masa waya mai kauri don kada ya sake katsewa. Fis aikinsa ke nan, ya katse kafin waya ta yi zafi. Wanda ya naɗe shi ya mayar da wayar cikin bango ita ce fis. A cire, a sa makatsa ta zamani daidai da nauyin layin.

Sai kaurin waya. A ƙa'idar da masu wayarin ke bi, layin fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ake sa masa, layin soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tankin dafa ruwa kuma a ja musu layinsu daban, yawanci da mai 4. Matsalar ita ce kasuwa cike take da waya da aka rubuta 2.5 a jikinta alhali tagullar cikinta ba ta kai ba. Araha ba ta ado. Ka sa mai wayarin ya feɗe bakin wayar ya nuna maka.

Lissafi ɗaya nake so ka riƙe. Soket na gida amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000 a wutarmu mai bolt 230. Hita ta dafa ruwa ita kaɗai tana iya cin rabin wannan ko fiye. Idan aka haɗa ta da dutsen guga da firji a kan jonin wuta guda na roba mai arha, an wuce iyaka. Ka shiga kowane shago da kowane ɗaki da izinin mai shi, ka taɓa filogi da bayan hannu yayin da kaya ke aiki. Ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa alama ce. Inda ka ga joni a kan joni, ka sa a ƙara soket a bango.

Hita tana da labarinta daban. Ana cikin dafa ruwa a bokitin roba a ɗauke wuta, mai ɗaki ya manta ya fita ko ya yi barci. Tsakar dare a dawo da wuta, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Lokacin hunturu, da kowa ke son ruwan zafi kuma iska ta busar da komai, wannan shi ne abin da na fi tsoro a gidan haya. Dokata a shaguna ita ce duk wanda zai rufe ya kashe babban makunnin shagonsa. Mai firji a ja masa layi na daban. Maigadi yana zagayawa bayan an tashi, wanda ya bar wuta a kunne a rubuta sunansa.

Kada ka manta da sola. Yanzu kusan kowane shago yana da batir da inbata a ƙarƙashin kanta, an lulluɓe da kwali. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji, don haka yana son wuri mai shan iska. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, an ɗaure ta tamau, kuma da fis a kanta. Shagon cajin waya kuwa, ka ba shi kulawa ta musamman, ka hana a bar wayoyi da batura a jone a kwana.

4. Raba wuta da abincinta

Janareto waje yake zama, a inda iska ke kaɗawa, nesa da taga, ba a baranda ko ƙarƙashin matakala ba. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. A kashe, a jira ya huce. Kuma a haɗa shi da gini ta makunnin sauya layi, ba ta cusa waya a soket ba. Fetur na ajiya kada ya kwana a cikin ɗaki ko shago. Idan akwai mai sayar da shi a jarka a jikin ginin, gaskiya sai ɗayanku ya haƙura, domin babu jami'in da zai sa hannu a takardarka yana kallon wannan.

Tukunyar gas a tsaye take zama, nesa da murhu gwargwadon tsawon tiyo, kuma idan da hali a waje cikin keji mai shan iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko kusa da rami. Ka shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo: idan ya yi kumfa, yana yoyo. Kada a gwada da ashana, na ga mai yin haka da idona. Tiyon da ya tsattsage ko ya bushe a canja shi, ni duk shekara biyu nake sa a canja ko bai nuna komai ba. Tukunyar da ta yi tsatsa a gindi ko ta lotse a daina amfani da ita. Idan aka ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa.

Kaskon turaren wuta, garwashin jin ɗumi da maganin sauro mai hayaƙi ba za ka iya hana su ba. Abin da za ka iya shi ne ka roƙi matan gidan, ta bakin wata babba a cikinsu, kada a tura kasko ƙarƙashin gado ko cikin durowar kaya a fita.

5. Yanzu ka sayi tukwane

Wuta iri-iri ce, kuma abin da ke kashe wata yana hura wata. Ta katako, yadi da takarda ruwa na kashe ta. Ta fetur, kananzir ko fenti idan ka zuba ruwa sai ta bi ruwan ta bazu. Ta lantarki ruwa zai jawo maka wutar a jiki. Ta man girki kuwa, kofin ruwa guda yana sa ta yi tsalle har silin.

Jikin tukunya ja ne, amma akwai tambari mai launi da ke gaya maka abin da ke ciki. Shuɗi garin hoda ne, baƙi iskar CO2, ruwan madara kumfa, ja zalla ruwa, rawaya kuma ta kashe wutar man girki ce. Mai hoda ita ce aka fi sa wa a gine-ginenmu domin tana aiki a kan yadi da fetur da gas, kuma ba ta jawo lantarki. Aibinta shi ne tana turnuƙe ɗaki ta hana gani, tana kuma ɓata kwamfuta da injuna. Shi ya sa wajen mita da shagon kayan lantarki ake sa mai CO2. Ita kuma kada ka riƙe bakin ƙahonta da hannu, sanyinsa yana ƙona fata, kuma kada ka tsaya a ƙaramin ɗaki rufaffe bayan ka fesa.

Ma'aunin da ake yawan bi, wanda aka aro daga Ingila, shi ne kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 30 kafin ya isa tukunya, kuma kowane hawa ya sami aƙalla biyu. Ka koma taswirarka ka ƙirga. A rataye su a bango kusa da ƙofar fita da bakin matakala, hannun manyan ya kai kimanin mita 1 daga ƙasa. Ba a ajiye tukunya a jikin abin da ake tsoron ya kama, domin idan janareto ya kama ba za ka iya isa gare ta ba. Ba a kuma kulle ta a ofishin manaja don gudun sata. Idan sata ce damuwar, a sa ta inda idon maigadi ke kai.

Wajen saye ka kula. Ka duba allurar agogon da ke nuna ƙarfin iskar tukunyar tana kan kore, fil ɗin yana nan da hatiminsa, an rubuta ranar cikawa. Mai CO2 ba ta da agogo, da nauyi ake gane ta, don haka ka sa a ɗora ta a sikeli a gabanka. Akwai masu fentin tsofaffin tukwane su sayar a matsayin sababbi. Na taɓa karɓar guda shida daga hannun wani ɗan kwangila, ranar gwaji biyu suka ƙi fesa komai. Ka tambayi ofishin kashe gobara su nuna maka dillalan da suka yarda da su, ka karɓi rasit ka liƙa a littafi.

Idan kuɗi bai kai ba, ka fara da wuraren da suka fi haɗari, sauran ka cike da bokitan yashi busasshe, a shafa musu jan fenti, a rufe don kada su zama kwandon shara. Yashi yana kashe ɗan fetur da ya zube ya kama. A kicin, idan babu bargon kashe wuta, murfin tukunyar girki mai faɗi yana aiki: a kashe murhu, a zura murfin a rufe, a bar shi har ya huce. Amma ka sani yashi ba ya maye gurbin tukunya a idon jami'i.

6. Ƙararrawa

Ƙararrawar hayaƙi mai batir ba ta da tsada, kuma ita ce ke tashin mai barci. A kafa ta a silin na baranda, saman matakala, da sito. Kada a sa ta a cikin kicin, za ta yi ta ihu har wani ya cire batirin. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a canja batir duk shekara, ita kanta a canja ta bayan shekara 10. Ƙurar hunturu tana toshe ta, a riƙa gogewa. Babban gini kamar otal ko asibiti yana buƙatar tsarin ƙararrawa mai haɗe da juna, wannan aikin ƙwararru ne. Inda babu komai, a rataye ƙarfen wilin mota da guduma a wajen maigadi, a sanar da kowa cewa bugunsa ba na wasa ba ne.

7. Koya wa mutanen gidan

Ka tara su ranar da kowa ke nan. Ka ɗauki tukunya guda da lokacin cikawarta ya kusa, ku fita fili, a kunna ɗan itace a cikin rabin duro, kowa ya gwada: a zare fil, a saita bakin tiyo a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa hannu, a riƙa kaɗawa dama da hagu. A nan ne za su gane abin da baki ba ya iya faɗa, cewa tukunya daƙiƙu kaɗan take yi ta ƙare, ko babba ba ta cika wuce rabin minti ba. Ta ƙaramar wuta ce da aka gani da wuri. Mai fesawa ya tsaya ƙofa tana bayansa. Idan tukunya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ya fita ya ja ƙofa.

Maigadi da mata su ne suka fi zama a gida, su ne kuma aka fi mantawa da su a irin wannan taro. Ka tabbatar sun riƙe tukunyar da hannunsu. Yara a koya musu su rarrafa idan hayaƙi ya cika, kada su ɓuya a ƙarƙashin gado. Wanda tufafinsa suka kama ya kwanta ya yi birgima, kada ya gudu. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata na kimanin minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba, sannan a tafi asibiti.

A zaɓi wuri guda a waje inda kowa zai taru, don a ƙirga. A rubuta lambar kiran gaggawa ta 112 da lambar tashar kashe gobara mafi kusa da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa da ɗakin maigadi, a ƙasa kuma a rubuta kwatancen gidan yadda za a faɗa a waya. A kira su da zarar an ga wuta. Mutanenmu sukan tsaya sai sun gaji da guga da bokiti sannan su kira, in mota ta zo a ce ta makara.

8. Neman takardar shaida

Sai yanzu za ka je ofis. Ka rubuta takardar neman a zo a duba gini zuwa ga shugaban hukumar kashe gobara ta jiharka, da adireshi, yawan hawa, da irin abin da ake yi a ciki. Ka haɗa kwafin taswira, da takardar rajistar kasuwanci idan kamfani ne. Kuɗin ya danganta da jiha da girman gini da irin sana'a. Gidan mai da wurin sayar da gas ba ɗaya suke da shagon atamfa ba. Ka biya ta hanyar da ofis ya nuna, ka karɓi rasit na gwamnati. Duk wanda ya zo maka da takarda a jaka ya ce ba sai an duba ba, ka nemi katin aikinsa, ka ce za ka same shi a ofis.

Ranar dubawa ka kasance a wurin da mukullan ko'ina, har sito da ɗakin janareto. Ka miƙa littafinka tun kafin a tambaya. Jami'in da ya ga kwanan watan gwajin ƙararrawa, rasit ɗin tukwane da sa hannun mai wayarin, ya san da wa yake magana. Kada ka ɓoye komai, kada kuma ka aro tukwanen maƙwabci don ranar, lambobin jikinsu ana iya rubutawa. Idan sun ba da gyara, ka roƙi a rubuta maka, ka tambayi wa'adi. Ni har tambayarsu nake yi inda suke ganin ya fi dacewa a rataye kaza, domin sun shiga gidajen da suka ƙone fiye da yadda zan taɓa shiga.

Takardar akan sabunta ta ne duk shekara. Ka sa ta a firam a inda za a gani. Ka tuna wa mai gida kuma cewa tun dokar inshora ta 2003 an wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, har da gidajen haya. Wanda ke da shakka ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ba lasisi.

9. Zagayen wata-wata

Ka ware rana ɗaya a wata, ni Asabar ta farko nake yi. Ka duba agogon kowace tukunya, ka juya masu hoda sama da ƙasa don kada garin ya dunƙule, ka danna ƙararrawa, ka kashe wuta ka ga ko fitilun matakala sun kama, ka zare kowace sakata. Sau ɗaya a shekara a kai tukwane wurin masu cikawa, rabi-rabi, kada a kwashe duka a bar gini babu ko ɗaya. Wadda aka fesa ko sau ɗaya ce a kai ta a cika, domin iskar cikinta za ta zurare. Sabon ɗan haya kuma, ranar da ka ba shi mukulli ka zagaya da shi ka nuna masa hanya ta biyu da wurin babban makunni, ka sa sharaɗin matakala da fetur a cikin takardar haya ya sa hannu. Sannan ka leƙa ƙarƙashin matakala. A ginin da na fi daɗewa ina kula da shi, ba a cika yin wata uku ban tarar da babur a wurin ba.